Rakiyar Baba Ambasada Zuwa Ƙasar Chadi

Tun da na dawo daga Chadi ban samu sakat ba. A rumfar mai gyaran babur, a ƙofar masallaci bayan La'asar, har a gona ina tsakiyar noma sai wani ya jingine kekensa ya ce in ba shi labari. Wasu so suke su ji ko da gaske ne ana karya kumallo da naman raƙumi, wasu kuma so suke su ji yadda Baba Ambasada yake yin aikin nan nasa da muka daɗe muna ji a rediyo. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Amma in faɗa muku tun yanzu, ni da na je na gani da idona na fi ku da kuka zauna a gida ruɗewa.

Ga wanda bai san mu ba, ni ne Haladu na Nariya, ina noma, ina kuma sayar da hatsi a kasuwar Kibiya. Sabi'u ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, direban babbar mota ne mai ɗaukar kaya daga Kano zuwa Chadi. Gab da faɗuwar damina aka kira ni a waya aka ce ya buge wani mutum a kan babur a wani gari can gaba da Njamena, mutumin ya rasu nan take. Sabi'u ya yi abin da kowane direba yake yi a nan ƙasarmu: bai tsaya ba, ya taka mota sai ofishin jandarma, wato 'yan sandan can, ya miƙa kansa. Mu a wajenmu wannan shi ne hankali, don kowa ya san abin da taron jama'a ke yi wa direba idan jini ya zuba. Mai motar ya yi ta tura mutane da maganar diyya, dangin mamacin ko tabarma ba su shimfiɗa musu ba. Aka ce samarin dangin sun tare a gaban ofishin, sun rantse ranar da Sabi'u ya fito, ko kotu za a kai shi, ba zai kai bakin titi da rai ba. Innarmu ta daina cin abinci, kunu ma sai an yi da gaske take kurɓa.

Da abin ya fi ƙarfina sai na nufi Rano wajen Alhaji Badamasi, wanda kowa ke kira Ambasada. Mutumin Zurgu ne, shi da marigayi babanmu suka yi karatun allo tare. Ya yi jakadanci a ƙasashe da dama, daga baya kuma duk inda aka kaure da yaƙi shi ake turawa ya shiga tsakani. Ya yi ritaya ya dawo gida, tsufa ya kama shi, yana tafiya da sanda. Na zayyane masa komai, ina jiran ya ɗauki waya ya kira wani shugaban ƙasa. Bai taɓa wayar ba. Bai kuma tambaye ni wa ke da laifi ba. Abin da ya tambaya shi ne ko uban mamacin yana da rai, da ko Sabi'u ya sauko daga mota ko da sau ɗaya. Na ce uban yana nan, Sabi'u kuwa bai sauko ba. Ya lumshe ido har na zaci gyangyaɗi yake yi.

"Za mu je," ya ce. "Amma ka ji sharaɗina, Haladu. Ba za ka yi magana ba sai na ce ka yi. Kuma a can kai ba wan Sabi'u ba ne, ɗan riƙon butata ne."

Na ce to, amma raina bai so ba. Ni fa a Nariya idan shanu suka shiga gonar wani ni ake kira, kuma kafin Magariba an gama an yi fatiha. Bakina shi ne jarina. Sannan a wajenmu idan za a je ba da haƙuri, dangi ake tarawa a jera su a gaba don a ga cewa mai laifin yana da mutane. Ban taɓa jin inda ake ɓoye ɗan'uwa a bayan buta ba.

Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne mota. Baba yana da jif a gida da direba, amma ya ce motar haya za mu hau. Haka muka ɓulla Wudil a matse, shi a gaba, ni a baya tsakanin wata mata mai buhun kuka da wani ɗan kasuwa da bai daina waya ba har Azare. A Fataskum muka tsaya cin abinci, na ga dama ta samu, na tambaye shi yaƙi nawa ya kashe a rayuwarsa. Ya ce ko ɗaya, ya dai taɓa sa an ɗaga wasu zuwa gaba. Ya ce yawancin aikinsa zaman jira ne a barandar otal. Akwai ƙasar da ya yi watanni ɓangarorin biyu sun ƙi shiga ɗakin taro saboda an rasa wanda zai fara shiga, ƙarshe sai da aka kira magina suka fasa bango aka yi ƙofa ta biyu. Na yi dariya har na ƙware, na zaci zolayata yake yi, sai na ga shi ko murmushi bai yi ba. Na ce to an yi sulhun? Ya ce an yi, kuma bai daɗe ba ya rushe, amma a ɗan tsakanin nan an yi shuka an girbe, jarirai sun fara tafiya. Ya ci gaba da cin shinkafarsa da wake. Ni kuwa na fara tunanin ko na ɗauko wa ƙanena mutumin da bai taɓa gama komai ba.

A Maiduguri muka kwana a wani masauki kusa da tasha, sauro ya yi mana tarba ta musamman. Daga nan zuwa Gamboru ba a tafiya kai kaɗai, sai motoci sun taru a jera, sojoji a gaba da baya. Ruwa ya fara sauka, hanya ta zama taɓo, motarmu ta kafe, muka fita turi. Takalmina ɗaya can ya zauna, har yau yana cikin ƙasar Barno. Na shiga Gamboru da silifas ɗin da na saya a bakin hanya, ƙafa ɗaya shuɗi ɗaya kore, don mai sayarwar ya rantse haka aka kawo su.

A bakin iyaka layi ya yi tsawo. Na san Baba yana da jan fasfo irin na manya, na gan shi da idona a jakarsa, wanda idan ya ɗaga sai a sara masa a buɗe mana hanya. Sai ya zaro kore irin nawa ya bi layi a bayan masu buhunan albasa. Na raɗa masa cewa ya manta da ɗayan. Ya ce bai manta ba, jan yana da surutu, kafin mu isa zai riga mu ya ce gwamnati ce ta zo ƙwatar mutuminta. Ni a ganina ai abin da muke so a ce ke nan, amma na tuna sharaɗi na haɗiye. Muna cikin layin wata ma'aikaciyar lafiya ta duba katina na rigakafi, ta girgiza kai, ta ce in buɗe baki. Kafin in gane me ake ciki ta ɗiga min maganin shan inna, ni da furfura a gemu. Masu albasa suka yi ta yi min barka.

Muka haye gada muka shiga Kamaru, muka keta ta zuwa Kusiri, muka haye wata gadar sai ga mu a Njamena. Ƙasa uku a tafiya ɗaya, kowace da kakinta da tambarinta, kuma daga gadar farko Hausata ta fara raguwa a kasuwa. Faransanci nake ji ta dama, Larabcin Shuwa ta hagu. Baba kuwa yana juya harshe kamar mai juya waina, ni ina biye da shi da buta da jaka.

Gidan wani da ake kira Kanar Abakar muka sauka, dogon tsoho mai ɗingishi da farin rawani. Yana ganin Baba, maimakon maraba, sai ya hau shi da faɗa da Larabci yana nuna shi da yatsa. Na ajiye jaka na gyara tsayuwa, na ce yau za a daki Ambasada a gabana. Sai kuma suka rungume juna suka daɗe ba su saki ba. Ashe Kanar yana jin Hausa, ya yi gudun hijira a Fagge shekarun baya. Da muka zauna shan shayi ya gaya min cewa shi a da madugun 'yan tawaye ne, kuma wannan dattijon ne ya yi ta binsa daji daji har ya sa shi ya ajiye bindiga.

"Ya yi min alkawarin ba za a taɓa yarana ba," in ji Kanar. "Aka bi wasu ɗaya ɗaya aka kashe. Ni kuma ga ni nan da jikoki cike da gida. Har yau ban san ko in gode masa ko in tsine masa ba, shi ya sa nake yin duka biyun."

Na dubi Baba in ji zai kare kansa. Ya ce gaskiya Kanar ya faɗa, ya miƙa kofinsa a ƙara masa shayi.

Abincinsu bai yi nisa da namu ba. Tuwon gero ne suke kira esh, da miyar busasshiyar kuɓewa, a faranti ɗaya kowa ya sa hannu. Burodinsu dogo ne mai tauri, ranar farko sai da ya yanke min dasashi. Naman raƙumi kuwa gaskiya ne, ana cin sa da hantsi, kuma yana da daɗi, sai dai muƙamuƙi ya san ya yi aiki. Shayi kuma ba a ƙirga shi. Kofin ɗan mitsitsi ne, sukari kamar a tsayar da cokali a ciki, kuma idan ka shanye da sauri irin yadda muke yi a teburin mai shayi, sai a dube ka kamar ka yi abin kunya.

A Njamena ne haƙurina ya fara ƙarewa. Kwanaki suna ta wucewa, mu kuwa yawon gaishe-gaishe muke yi. Yau suna, gobe ta'aziyyar wani da ban sani ba, jibi mu je dubiya wajen wani makaho mai sayar da turare. A ko'ina Baba zai zauna ya yi ta tambayar wane ɗan wane ne, wa ya auri ƙanwar wa, sunan Sabi'u ko sau ɗaya bai fito daga bakinsa ba. Ga waya daga gida ana ce min an yi ruwan shuka, maƙwabta sun shuka, gonata tana zaune, Inna kuma jiki sai ƙara lalacewa yake. Rannan na kasa daurewa na ce masa, Baba, mu fa ba biki muka zo ba. Ya ce ya sani, ƙofa yake nema. Na ce ai an ba mu sunan garin da sunan gidan. Ya ce wannan ƙofar mutanen mai mota sun riga sun ƙwanƙwasa ta har ta ƙi buɗuwa. Daga baya Kanar ya gaya min cewa makahon nan mai turare kawun uwar mamacin ne, kuma shi ya aika a karɓe mu. Ni dai a lokacin na zaci tsufa ne ya fara taɓa Baba.

Garin ba zan faɗi sunansa ba, don Baba ya hana. Tafiyar yini ce a bayan akori-kura, mu uku da Kanar. Ba mu sauka gidan mai gari ba, sai gidan wani talaka mai gyaran sirdi, surukin dangin. Hanyar gidan makokin ta gaban ofishin jandarma ta bi. Ga samarin nan zaune a gindin bishiya, kowa da wuƙa ɗaure a damtse, abin da a can ado ne kamar agogo. Ta tsakanin ƙarafan ƙofa na hango Sabi'u a tsakar gida yana alwala. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya ɗago ya gan ni, ya miƙe da butar a hannu. Baba ya ce min ƙasa ƙasa in dubi gabana. Na wuce ƙanena kamar ban taɓa ganinsa ba, kuma a rayuwata ban taɓa jin na tsani mutum kamar yadda na tsani Baba Ambasada a wannan tafiyar ba.

Uban mamacin sunansa Birahim, dattijo ne siriri mai shanu da raƙuma. An daɗe da yin sadakar bakwai, amma bai tashi daga zaman makoki ba, ya ce ba zai tashi ba. Muka shiga rumfar muka yi sallama, muka yi addu'a, aka kawo shayi, muka sha, muka tashi. Washegari haka. Wanshekare ma haka. Baba bai ce ga abin da ya kawo mu ba, su ma ba su tambaya ba, alhali kowa a garin har awaki sun san dalilin zuwanmu. A Nariya da tuni mai unguwa ya ce wane faɗi naka, wane faɗi naka, liman ya jawo aya, a ce a yi haƙuri don Allah. Nan kuwa an zuba wa juna ido ana kurɓar shayi. Abin da na lura da shi kawai shi ne kullum tabarmar da ake shimfiɗa mana tana ɗan matsowa kusa da ta dattijon. Na gaya wa Baba, ya ce ashe ina gani.

Ranar da tabarmarmu ta haɗu da tasa, dattijo Birahim ya zuba shayi da hannunsa, ya tsallake Baba, ya tsallake Kanar, ya miƙo min. Ya yi magana yana kallona. Kanar ya fassara.

"Ya ce wannan ɗan riƙon butar, me ya sa yake yawo da fuskar wanda ya kashe masa ɗa?"

Ni da Sabi'u kamarmu ɗaya, har wushirya. Duk Kibiya an san haka, Baba ma ya sani. Na dube shi, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ga shayin mutum a hannuna, ga idonsa a kaina, a ce in musanta ɗan'uwana a gaban jama'a. Bakina ya riga tunanina. Na ajiye kofin, na cire hula, na durƙusa na ce ni wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sannan na faɗi abin da kowa yake faɗa a wajenmu, abin da na sha faɗa a gidajen mutuwa ana sa min albarka. Na ce a yi haƙuri, ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare.

Kanar ya tambaye ni ko ya fassara har da na ƙarshen. Na ce mana. Yana rufe baki sai na ji motsin samari suna miƙewa a bayana. Dattijon ya ɗaga hannu suka tsaya, ya yi magana a hankali, Kanar yana mayar min.

"Mutuwarsa ƙaddara ce, na sani, ba sai ɗan'uwan wanda ya kashe shi ya koya min ba. Amma ɗana ya kwanta a kan titi rana tana dukansa, fuskarsa a buɗe, har sai da mata masu zuwa rijiya suka rufe shi da mayafinsu. Ko akuya ka buge kana saukowa ka duba. Wannan ma ƙaddara za ka kira shi?"

Sai a lokacin na gane abin da ya hana su karɓar diyya. Na buɗe baki in yi bayani, in ce a ƙasarmu direban da ya tsaya ƙone shi ake yi, in ce Sabi'u tsoro ne ya kore shi ba raini ba. Hannun Baba ya sauka a gwiwata ya matse, ban san tsoho yana da ƙarfi haka ba. Sannan ya yi magana, karo na farko tun zuwanmu. Bai kawo uzuri ko ɗaya ba. Kanar ya fassara min, ya ce Baba cewa ya yi ba mu da abin faɗa, an bar ɗanka a titi, kuma mu muka bar shi. Na ce a raina wane mu, kai da kake Rano lokacin? Baba ya ci gaba, ya ce bai zo roƙon a saki kowa ba, abu ɗaya yake roƙo, a bar yaron da bai sauko daga mota ba ya sauko yanzu, a nuna masa kabarin.

Aka sallame mu ba amsa. A masauki na tambayi Baba ko na ɓata komai. Ya ce in ci abinci. Na tambayi Kanar, ya ce tabbas na ɓata. Can kuma ya ce wa ya sani, mutum kamar Baba da ya yi shekaru yana karantar fuskokin janar-janar, a ce bai san ba zan iya yin shiru ba, kuma bai san kamata ɗaya da ƙanena ba? Na ce wato da gangan ya kawo ni? Ya ce shi bai ce ba. Har yau da nake rubutun nan ban san ko kuskure na yi ko aikin da aka ɗauko ni in yi ke nan ba.

Bayan 'yan kwanaki aka aiko. Da hantsi aka fito da Sabi'u, Baba ya riƙe hannunsa na dama, Kanar na hagu, tsofaffi biyu, mai sanda da mai ɗingishi, suka ratsa da shi ta tsakiyar samarin nan har maƙabarta. Ni ina biye da su a baya. Sabi'u ya durƙusa a gaban kabarin ya yi addu'a, kuka ya ci ƙarfinsa, ya yi ta cewa da ya sani da ya tsaya ko da za a kashe shi. Ba wanda ya fassara, ba wanda ya nemi a fassara. Dattijon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce shi ya yafe nasa haƙƙin. Daga nan aka koma rumfa aka shiga doguwar magana da Larabci har Azahar, da mai gari da shugaban jandarma. Na ga ana nuna ni, na ga Baba yana girgiza kai yana dafa ƙirjinsa, na ga dattijon ya gyaɗa kai. Na tambayi Kanar me ake cewa, ya ce maganar diyya ce da ta takardun hukuma, an bar wa mai mota da manyan gari. Aka shafa fatiha. Na rungume ƙanena, na kira gida aka kara wa Inna waya a kunne.

Da safe akori-kura ta zo. Na loda jakata, na koma ɗauko ta Baba, sai na tarar da shi zaune a tabarma da rigar shan iska, kayansa ko ɗaurewa ba a yi ba. Na ce Baba mota fa tana jira. Ya ce mu hau, Allah ya kiyaye hanya.

Kanar ne ya ja ni gefe ya warware min. Mamacin yana da baffanni da suka yi arewa da dabbobi, ba za su dawo ba sai bayan damina, kuma yafiyar uba ba ta ɗaure su ba. A al'adarsu, kafin su dawo su faɗi tasu, dole wani daga ɓangaren mai laifi ya zauna a hannun dangin, a ci da shi a sha da shi, amma ba ya fita garin. Idan baffannin suka ƙi, a kansa maganar za ta koma. Da farko ba su da kowa sai Sabi'u. Da na buɗe baki na ce ni wansa ne, sai suka ce to ga jini ya zo, a bar musu ni. Shi ne Baba ya ce uban yaran amininsa ne, shi ma uba ne, kuma shi ba ya da gonar da ke jiransa.

Na koma na durƙusa a gabansa na ce wallahi ba zan tafi ba, ni suka nema, ni zan zauna. Ya ce idan na zauna, da bakin nan nawa kafin baffannin su dawo na tayar da yaƙi tsakanin ƙasa biyu. Ya yi dariya, ni na kasa.

"Zaman jira shi ne sana'ata, Haladu," ya ce. "Kai ba ka iya ba. Ka kai wa Inna ɗanta, ka je ka shuka gonarka. Ka biya ta Rano ka gaya wa Hajiya da bakinka, kada ta ji a waya."

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta, don ban ga komai ba. Sabi'u ya yi ta barci a kafaɗata, ni kuwa ina ta juya maganar a raina. Da na yi shiru a rumfar nan, da mun dawo mu uku? Ko da har yanzu muna can muna shan shayi? Na tambayi Baba a waya daga baya, ya ce layin ba ya da kyau.

Ba mu wuce Nariya kai tsaye ba, sai da muka tsaya a Rano. Hajiya, matar Baba, ta fito falo da carbinta. Muka durƙusa muka gaishe ta, ta amsa, amma idonta yana kan ƙofa a bayanmu. Duk surutuna sai da na rasa ta inda zan fara. Na dai faɗa mata yadda na iya, a hargitse, ina cewa laifina ne, ina cewa kuma ban tabbata ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi mamaki ba. Ta ce ranar da ya ajiye aiki ya dafa mata Alƙur'ani cewa ya gama, ba zai ƙara kwana a wata ƙasa ba.

"Tun ina amarya nake jiran mutumin nan ya dawo daga rigimar mutanen da ban taɓa gani ba," ta ce. "Wanne ne Sabi'un a cikinku?"

Sabi'u ya ɗaga hannu, kansa a ƙasa.

"Matso nan in gan ka da kyau. Wannan karon dai in san fuskar wanda nake jira dominsa."

Ya matsa da gwiwoyinsa har gabanta. Ta sa tabarau, ta ɗaga haɓarsa, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce mu tashi mu tafi, uwarmu tana jira, kada mu bari rana ta faɗi.